Kwana Goma da Karen Maƙwabci

Tuva ta manna takarda a ƙofar firij:
"Dalilai bakwai da suka sa muke buƙatar kare."
Shida ta rubuta. Na bakwai ta bar shi fili,
wai idan ya zo, shi zai faɗa da kansa.

Mu kuwa a hawa na huɗu muke, a Tromsø,
matakala sittin da biyu,
garin da rana kan yi ƙaura tun Nuwamba,
ba ta waiwayo mu sai Janairu ya tsufa.
Torbjørn na teku mako uku a jere,
ya dawo da ƙarnin kifi da ramuwar barci.
Ni ina asibiti dare huɗu a mako,
ina juya tsofaffi kada gado ya ci bayansu.

Sai tsoho Halvard na ƙasanmu ya zame a ƙanƙara,
ƙugu ya tsage, aka tafi da shi.
Ya bar mana makulli da igiya da rabin buhun abinci,
da Rusk, baƙi mai farin gemu,
mai kallon mutum kamar yana binsa bashi.

Na ce to, ga gwaji ya zo har gida.

Daren farko ya yi ta kuka a bakin ƙofa
har Sindre ya farka ya taya shi.
Rana ta uku Tuva ta fita da shi da tsalle,
ta huɗu da gunaguni,
ta biyar cikinta ya fara ciwo.
Ni na sauka, takwas na safe, duhu kamar tsakar dare,
da kayan aiki a jikina, ƙafafu kamar na aro,
iska na yankan kunne,
shi kuwa yana shinshinar gindin fitilar titi
kamar mai karanta doguwar wasiƙa daga gida.

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.
Na tsinci gashinsa a kan burodi.
Ya haɗiye safar hannun Sindre, ta hagu,
likitan dabbobi ya tafi da kuɗin tayoyin mota.

Amma akwai safiyar da na dawo
bayan wata tsohuwa ta cika a hannuna.
Na zube a ƙasa, takalmi a ƙafa,
na kasa kuka, na kasa tashi.
Ya zo ya ɗora haɓarsa a gwiwata.
Bai tambaye ni komai ba.
Nauyin kai kawai, da ɗumi, da numfashi.

Daga nan lissafi ya ƙi fita.

Na kira Torbjørn, murya na yankewa da igiyar ruwa.
Ya ce, shekara goma sha huɗu ce fa, Gunvor.
Tuva za ta yi girma ta tafi, ta bar miki igiya.
Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Na ce na sani.
Na ga yadda yake kwana da hanci a ƙasan ƙofa,
awa tara yana sauraron takun da ba namu ba.
Ƙauna muna da ita, har ta yi yawa.
Lokaci ne babu a gidan nan.

Muka gaya wa Tuva a teburin abinci.
Kwana biyu ba ta yi mana magana ba.

Halvard ya dawo yana dogara sanda,
matakalar waje ma ta fi ƙarfinsa.
Yanzu Talata da Asabar Tuva ke ƙwanƙwasa masa.
Sauran ranakun, idan na taso aiki,
ba wanda ya aike ni, sai in ga na tsaya a hawa na ɗaya,
wutsiya na dukan ƙofa daga ciki
tun kafin in cire safar hannu.

Takardar na nan a firij, gefenta ya naɗe.
Na bakwai har yau fili ne.
Sau biyu ina ɗaukar biro
in mayar da shi cikin kofi.